Takardar Jinin da Na Karanta a Baibai

Ina 'yar shekara 9 na fara lura da wuyan gwaggona. Tana da maƙoƙo, ba babba sosai ba, amma idan ta haɗiyi ruwa sai kumburin ya hau sama ya sake sauka, ni kuwa in zuba mata ido har sai ta ja gyale ta rufe. Kullum tana jin sanyi ko da mu muna gumi. Muryarta a dishe take, maganarta a hankali, tafiyarta ma haka. A gida ana cewa mai sanyin jiki ce, haka Allah ya halicce ta. Har ta koma ga Mahaliccinta ba a taɓa ɗibar jininta an duba dalilin wannan sanyin jikin ba.

Ban sake tunawa da ita ta wannan fuska ba sai bayan shekara 20, lokacin da na haifi ɗana na biyu.

Wata biyu da haihuwa sai zuciyata ta riƙa dukan uku-uku ba gaira ba dalili. Ina zaune gumi na keto mini, hannuna na rawa idan na ɗauki kofi, barci ya ƙaurace wa idona ko da jaririn ya yi shiru. Na rame, kowa yana cewa na yi saurin komawa jikina na da. Wannan ya ɗauki kamar mako 6, ya wuce da kansa, na ce Alhamdulillahi.

Daga wata na 5 abin ya juya. Gajiya ta sauko mini irin wadda barci ba ya maganinta. Zan kwana in tashi kamar wadda aka yi wa duka. Fuskata ta riƙa kumbura da safe, musamman fatar ido. Zoben da ke yatsana ya ƙi fita. Fatata ta bushe tana fari-fari, bayan gida ya yi tauri har in yi kwana 4 ban zaga ba, jinin al'ada da ya dawo ya zo da yawa fiye da yadda na saba. Duk sanda na taje kaina sai in zare gashi cike da tafin hannu daga jikin mataji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaina. Sai in shiga ɗaki in tsaya a tsakiya, in rasa abin da ya kawo ni. Wata rana ɗana yana tsala kuka a gefena, ina jin sa sarai, amma na yi minti kusan 10 ina lallashin jikina kafin na iya miƙa hannu in ɗauke shi. Da na ɗauke shi sai na fashe da kuka ni ma, don a raina na yanke wa kaina hukunci cewa ni uwar banza ce.

Na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ta ce, "Ke 'yar nan, wace mai goyo ce ba ta gajiya? Ki ci abinci, ki yi haƙuri." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta sani ke nan. Maigidana kuwa shirun da na koma yi ne ya dame shi. Wani dare ya zauna bakin gado ya ce, "Maman yara, idan wani laifi na yi miki ki gaya mini." Ban da amsar da zan ba shi. Ba fushi nake yi ba, magana ce kawai ta zame mini aiki.

Sau 3 ina zuwa asibiti a cikin wannan shekarar. An auna jinina an ce ya yi ƙasa, gaskiya ne kuma, aka ba ni maganin ƙarin jini. An duba sukari, lafiya lau. An ce damuwa ce ta bayan haihuwa. Kowace daga cikin waɗannan amsoshi tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba wanda ya matsa gaba, har da ni.

Ɗana yana da wata 14 na faɗa hannun wata likita da ta bi abin daki-daki. Ta kama wuyan hannuna ta ƙirga bugun zuciya, ta samu 54 a minti ɗaya. Ta zagaya bayana, ta ɗora yatsunta a gaban wuyana, ta miƙo mini ruwa ta ce in kurɓa in haɗiye. Ta sa na durƙusa a kan kujera ta ɗan bugi jijiyar agarata da 'yar gudumar roba, ƙafar ta motsa amma ta daɗe kafin ta koma. Sai ta tambaye ni, "Malama, a danginku akwai mai maƙoƙo?" Nan take hoton gwaggona da gyalenta ya faɗo mini. Ta rubuta gwaji biyu a takarda: TSH da FT4.

Ɗibar jinin ba wani abu ba ne. An ɗaure mini damtse da roba, an goge lanƙwasar hannu da auduga, an zuƙi abin da bai kai cikin ƙaramin cokali biyu ba a 'yar kwalba. Minti 2 an gama. Da na karɓo sakamakon, layi biyu ne kacal. Na farko: TSH 62, a gefe an rubuta iyakar lafiya 0.4 zuwa 4.0. Na biyu: FT4 5.1, iyakarsa 12 zuwa 22. Idona ya tsaya a kan 62 ɗin nan. Na ce ashe sinadarin ne ya yi mini yawa a jiki, ninki 15 ma. Don haka da likitar ta ce za ta ɗora ni a kan ƙwayar da za ta ƙara mini sinadarin tairod, sai na ce, "Likita, abin da ya riga ya yi yawa za a ƙara?"

Ta jawo takardar ta yi mini bayani, kuma wannan bayanin ne nake so duk mai karanta wannan ya riƙe, domin kusan duk wanda na gani da irin wannan takarda a hannu a baibai yake fara karanta ta.

Tairod wani ɗan nama ne mai siffar malam-buɗe-littafi a gaban wuya, ƙasan tudun maƙogwaro, nauyinsa bai wuce giram 20 ko kusa da haka ba, kuma kumburinsa ne ake kira maƙoƙo. Yana ɗaukar sinadarin aidin daga abin da muke ci ya sarrafa homon, wato sinadaran da ke kai saƙo a cikin jini, iri biyu, T4 da T3. Lambobin 4 da 3 adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowanne. Mafi yawan abin da yake fitarwa T4 ne, sai hanta da ƙoda da sauran sassan jiki su cire masa aidin ɗaya ya koma T3, wanda shi ne mai ƙarfin aiki. T4 da T3 ɗin nan su ne suke saita gudun jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, tsiron gashi, har saurin tunani. TSH kuwa ba daga wuya yake fitowa ba. Daga wani ɗan ƙullutu yake zuwa mai suna fitutari, a ƙasan ƙwaƙwalwa, girmansa kamar ƙwayar wake. Aikin TSH shi ne ya umarci tairod ya yi aiki. Likitar ta ce, "Kin san uwa idan ta kira yaro ya amsa, ba ta ɗaga murya. Idan ya yi shiru sai ta ƙara ƙarfi, idan ya ci gaba da shiru sai ta ƙwala ihu. TSH ɗinki ihu ne. Ƙwaƙwalwarki tana kiran wuyanki, shi kuwa ya kasa amsawa." Amsar wuyan ita ce layi na biyu, FT4, kuma ga shi bai kai rabin mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba.

Daga nan karatun takardar ya zo mini da sauƙi. TSH a sama, FT4 a ƙasa, tairod ya gaza, irin nawa ke nan. TSH a ƙasa ƙwarai, sau da yawa ƙasa da 0.1, tare da FT4 ko T3 a sama, tairod ya yi gudun wuce sa'a, fitutari ya yi shiru saboda abin ya riga ya yi yawa. Mai wannan zai rame, zuciya ta riƙa gudu, ya kasa jure zafi, kuma mafi yawan lokaci cutar Graves ce ke jawo shi, wadda ake tabbatarwa da wani gwaji mai suna TRAb. Akwai kuma tsaka-tsaki: TSH ya ɗan haura amma FT4 yana cikin iyaka, wato tairod yana ƙoƙartawa amma sai da tsawa. Wanda ya fi wuyar samu shi ne FT4 ya yi ƙasa amma TSH bai tashi ba, ko shi ma ya yi ƙasa. A nan ba wuya ake zargi ba, fitutarin ne da kansa ake dubawa, ko kuma a ga ko mutum yana cikin wata rashin lafiya mai tsanani. Wannan ne ya sa TSH shi kaɗai, duk da shi ake fara yi kuma ya isa ga yawancin mutane, ba ya gama magana idan alamomin jiki suna faɗin wani abu dabam.

Harafin F da ke gaban T4 yana da muhimmanci. Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 da ke yawo a jini a ɗaure yake da wasu furotin, ɗan abin da ya rage a sake shi ne yake aiki, kuma shi FT4 yake aunawa. Idan aka auna jimillar T4 duka, mai ciki ko mai shan ƙwayar tsarin iyali mai ɗauke da istrojin za ta ga lambar ta hau ba tare da wata cuta ba, don furotin ɗin ne suka ƙaru. Haka kuma a duba ma'aunin da aka rubuta a gefen lamba. Wani ɗakin gwajin yana rubuta FT4 da pmol/L, inda lafiya take kusan 12 zuwa 22, wani kuma da ng/dL, inda take kusan 0.8 zuwa 1.8. Lamba 1.3 a ma'auni na biyu daidai take da kusan 17 a na farko. Na taɓa ganin wadda hankalinta ya tashi don ta ga 1.3 a wannan karon bayan ta ga 16 a wancan, alhali ba abin da ya canza sai wurin gwajin. Iyakokin ma suna ɗan bambanta daga na'ura zuwa na'ura, don haka iyakar da aka buga a jikin takardarka ita ce abin dogaro, ba wadda ka gani a intanet ba.

An ƙara mini gwaji na uku, anti-TPO, ya fito sama sosai. Ma'anarsa garkuwar jikina ce take yaƙar tairod ɗina kamar baƙon abu. Cutar tana ɗauke da sunan wani likita ɗan ƙasar Japan, Hakaru Hashimoto, wanda ya bayyana ta a 1912. Tana bin dangi, ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa bayan haihuwa take bayyana, lokacin da garkuwar jiki ta farfaɗo daga lafawar da take yi a lokacin goyon ciki. A nan na fahimci makonnin nan 6 na gumi da rawar hannu. Tairod ɗin ne ya kumbura ya zubar da homon ɗin da ya tara a lokaci ɗaya, da rumbun ya ƙare sai gazawa ta biyo baya. Wannan gwajin sau ɗaya ya isa a yi shi, ba a bibiyar lambarsa don ba da ita ake saita magani ba. An kuma yi mini sikanin na wuya don a ga ko akwai ƙulli. Sikanin siffa yake nunawa, ba ya faɗin ko tairod yana aiki ko ba ya yi, wannan aikin jini ne.

Maganin ƙwaya ɗaya ce ƙarama, a jikin kwalinta an rubuta levothyroxine, kuma T4 ɗin nan ne dai da jikina ya kasa yi. Ga babban mutum da tairod ɗinsa ya gaza sosai, ana lissafa kusan maikrogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Nauyina kilo 68 ne a lokacin, aka fara ni da 100. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ba a yi musu haka, da 25 ko 50 ake fara su a riƙa haurawa a hankali, don kada a matsa wa zuciya. Likitar ta ce in dawo gwaji bayan mako 6 zuwa 8, kada in zo kafin nan. Dalili shi ne T4 yana ɗaukar kusan kwana 7 kafin rabinsa ya fita daga jiki, don haka sai an yi makonni kafin ya daidaita a jini, shi ma fitutari sai ya ɗauki lokaci kafin ya sassauta murya. Gwajin da aka yi mako 2 bayan canza adadin magani ɓarnar jini ce kawai.

Na koma bayan mako 8 da ɗan sauƙi a jiki, amma TSH ya tsaya a 19. Na zaci za a ƙara mini ƙwayar. Sai likitar ta ajiye biro ta ce, "Ki ba ni labarin safiyarki, daga tashinki." Na ce ina haɗa magungunana duka a tafin hannu, wannan da na ƙarin jini, in kora da abin karin kumallo. Ta ce to ga ɓarawon nan. Sinadarin ayon da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama wannan ƙwaya a cikin hanji ya hana ta shiga jini. Haka kalsiyam yake yi, haka magungunan ƙwannafi masu alminiyam ko magnisiyam. Madara da kofi da abinci ma suna rage shigarta. Ƙa'idar ita ce a sha ta da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a ci wani abu, sannan a ba da tazarar awa 4 tsakaninta da ayon ko kalsiyam. Wanda safiya ba ta yi masa ba zai iya sha da dare, awa 3 ko fiye bayan abincin ƙarshe, muddin zai tsaya a kan lokaci guda. Ba a ƙara mini ko maikrogiram ɗaya ba. Na mayar da maganin ƙarin jini zuwa bayan azahar, mako 8 bayan haka TSH ya sauko 3.1.

Dawowar lafiya ba rana ɗaya ta zo ba. Kumburin fuska ne ya fara tafiya, sai hanji ya saki, sai na wayi gari wata rana na ji ina son yin hira. Gashi ne ya zo ƙarshe, ya ɗauki watanni, har ma zubarsa ta ɗan ƙaru a farkon shan maganin kafin ta tsaya.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini nauyin faɗa. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ina jin garau, sai na fara jin haushin ƙwayar. Ina shekara 31, a ce kullum sai na sha magani har ƙarshen rayuwata? Na karanta cewa wasu matan da abin ya same su bayan haihuwa suna warkewa, kuma gaskiya ne, da yawa tairod ɗinsu yana farfaɗowa cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Abin da na tsallake shi ne, ana gane hakan ne ta hanyar rage maganin a hankali ƙarƙashin kulawar likita ana bi da gwaji, kuma mai anti-TPO da yawa da TSH irin nawa na farko ba ta cika shiga wannan sahun ba. Ban gaya wa kowa ba, na daina sha. Mako na farko ban ji komai ba. Na biyu ma haka. Na ɗauka shaida ce ta warkewa, alhali maganin da ya taru a jikina ne yake ƙarewa a hankali. Gajiyar ta dawo ne a sace, yadda ban iya nuna ranar da ta fara ba.

Wata 4 da dainawa na samu ciki. A mako na 10 na yi ɓari.

Da aka auna, TSH ɗina 27 ne. Na tambayi likitar kai tsaye, "Likita, ni na jawo?" Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ɓari a watannin farko yana da dalilai da yawa, mafi yawansu ba laifin kowa ba ne, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa wannan ne ya jawo nawa. Amma ba ta ɓoye mini ba cewa gazawar tairod da ba a magance ba tana ƙara haɗarin ɓari, domin a makonni 12 na farko ɗan tayi ba shi da tairod mai aiki, da T4 na uwarsa ya dogara kacokan, har da ginin ƙwaƙwalwarsa. Na koma gida na buɗe durowar da na jefa kwalin. Ƙwayoyi 19 suka rage a ciki, na ƙirga su ina kuka. Daren nan na gaya wa maigidana gaskiya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya riga ya ƙaddara. Amma daga yau kada ki sake ɗaukar irin wannan nauyi ke kaɗai." Na yarda da ƙaddara, kuma na yarda cewa na yi sakaci. Har yau abubuwan nan biyu suna zaune tare a zuciyata, ba wanda ya kori wani.

Cikin da ya biyo baya da shiri muka shige shi. An jira sai da TSH ya sauka ƙasa da 2.5 kafin mu nema. Ranar da gwajin fitsari ya nuna ciki, na bi umarnin da likitar ta riga ta ba ni: ƙarin ƙwaya 2 a kowane mako, wato 9 maimakon 7, wanda ya kama ƙarin kusan kashi 30 cikin 100, sannan na je aka ɗebi jini a makon. Aka riƙa aunawa duk bayan mako 4 har tsakiyar cikin, sannan sau ɗaya a wajen mako na 30. Iyakar TSH ta mai ciki ta fi ta sauran mutane ƙasa, musamman a wata ukun farko, saboda homon ɗin ciki da kansa yana ɗan zaburar da tairod, don haka dole a gaya wa masu gwaji cewa akwai ciki da kuma makonninsa. Na haifi 'yata lafiya. Washegari na koma adadina na da, bayan mako 6 aka sake aunawa. Na shayar da ita ina shan maganin, ba ya cutar da jariri.

Sau ɗaya kuma takarda ta yi mini ƙarya. Bayan yaye gashina ya sake zuba, sai na sayi wata ƙwayar gyaran gashi da farce. Da lokacin gwaji ya yi, sakamako ya fito TSH 0.08, FT4 28, kamar wadda magani ya yi wa yawa sosai. Amma bugun zuciyata 72 ne, ba rawar hannu, barcina lafiya. Ma'aikacin ɗakin gwajin ne ya tambaye ni, "Hajiya, kina shan wani abu na gashi?" Na nuna masa hoton kwalbar a waya. Biyotin ne, wani nau'in bitamin, maikrogiram 5,000 a kowace ƙwaya, alhali abin da babban mutum yake buƙata a rana kusan 30 ne. Biyotin ba ya taɓa tairod, na'urar yake ruɗawa, domin na'urori da yawa da shi suke amfani a cikin hanyar aunawarsu. Idan ya yi yawa a jini sai TSH ya fito ƙasa da gaskiya, FT4 kuma sama da gaskiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan a 2017. Na ajiye ƙwayar kwana 3 aka sake ɗiba, TSH ya fito 1.9. Da an bi takardar farko an rage mini magani, da na sake komawa gidan jiya. Mafi ƙaranci a daina biyotin kwana 2 kafin gwaji, mai shan adadi mai yawa kuma ya ƙara kwanaki.

Tun daga nan nake da tsari guda na zuwa gwaji. Da safe nake zuwa, kusan lokaci ɗaya, domin TSH yana hawa da dare ya sauka da rana, jinin yamma zai iya nuna lamba ƙasa da ta safe a mutum ɗaya. Ba sharaɗi ba ne a zo da yunwa, sai dai idan an haɗa da gwajin sukari ko na kitsen jini. Ƙwayata tana cikin jaka, sai an zare allura nake haɗiye ta, saboda FT4 yana ɗagawa na wasu awoyi bayan an sha. Ina ƙoƙarin tsayawa a ɗakin gwaji ɗaya. Idan ina fama da zazzaɓi mai zafi ko na kwanta asibiti, ina ɗaga gwajin har sai na yi makonni da warkewa, don rashin lafiya mai tsanani tana hargitsa lambobin na ɗan lokaci. Ina kuma faɗin duk abin da nake sha. Maganin amiodarone na zuciya da lithium na wasu cututtukan ƙwaƙwalwa suna iya taɓa tairod ɗin kansa, magungunan sitiroid masu yawa kuma suna danne TSH. Idan aka canza mini kamfanin ƙwayar, ina sake gwaji bayan mako 6. Ina ajiye ta a cikin kwalinta nesa da zafi da danshi, ina kuma karanta lambar da kyau, don 100 mcg (maikrogiram) da 0.1 mg (miligiram) abu ɗaya ne, amma 25 da 125 suna iya kama da juna ga mai sauri.

Akwai shekarar da gajiya ta dawo mini alhali TSH yana 2.2. Raina ya raya mini in ƙara rabin ƙwaya da kaina. Ban yi ba, na je na faɗa. Aka duba ma'ajiyar ayon ta jiki da gwajin feritin, aka same ta a ƙasa, da aka gyara sai gajiyar ta tafi. Na ga mata da yawa suna ɗora wa tairod duk wata kasala da duk wani ƙarin ƙiba, wasu har suna ƙara maganin don su rame. Wannan yana ba ni tsoro ƙwarai. Maganin da ya wuce kima, wanda ya danne TSH ƙasa na tsawon lokaci, yana iya hargitsa bugun zuciya ya kuma zaizaye ƙashi, musamman ga macen da al'adarta ta ɗauke, kuma a hankali yake yin ɓarnar ba tare da mutum ya ji ba.

Bara ƙanwata ta kira ni, wata 7 bayan haihuwarta ta fari. Ta ce, "Yaya, ni fa ban gane kaina ba, kullum sanyi nake ji, ga mantuwa." Ban ce mata ta yi haƙuri ba. Na ce ta je a duba mata TSH da FT4, ta kuma gaya wa likita cewa yayarta tana da Hashimoto, gwaggonta kuma ta yi maƙoƙo. TSH ɗinta ya fito 6.8, FT4 a cikin iyaka. Ta so a ba ta magani a ranar, amma likitanta ya ce a jira a maimaita bayan wata 3, kuma ya yi daidai, domin lamba irin wannan sau da yawa takan koma da kanta. Galibi sai TSH ya kai 10 ko ya wuce a gwaji biyu ake ɗora mutum a kan magani ba tare da dogon nazari ba. Ƙasa da haka ana auna alamomi, da anti-TPO, da shekaru, da ko mace tana neman ciki. Na biyun ya fito 5.9, anti-TPO ɗinta kuma yana sama kamar nawa.

Na saya mata ƙaramin littafi irin wanda nake da shi, na ja mata layuka: kwanan wata, ƙarfe nawa aka ɗebi jini, TSH, FT4 da ma'auninsa, adadin magani, sai fili na ƙarshe na yadda jiki yake ji. Nawa ya kai shafi na 4. Layin ƙarshe a ciki yana cewa ƙarfe 8 na safe, TSH 1.7, maikrogiram 100, lafiya lau, kuma sai shekara mai zuwa zan sake komawa. Ita gwajinta na uku saura mako 5, kuma ta riga ta gaya wa likitanta cewa suna son ƙarin haihuwa, don a san adadin da za a fara ta da shi kafin cikin ya zo.